Uwargida Ma Ta Koyi Jan Tirela



Maganarmu ta yau a kan tirelar kwana ce, wato ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a tafi hutu. A gidajenmu da yawa maigida kaɗai ke ja. To, ranar da ciwo ya kama shi a hanya, ko barci ya rinjaye shi, wa zai kai yara gida?

A nan Ingila doka ta sauƙaƙa. Tun Disamba 2021, mai lasisin mota yana iya jan tirela har mai kilo 3,500 ba tare da wata jarrabawa ba, in dai motar za ta iya. Amma lasisi ba ya koya wa mutum ribas. Ku nemi filin da babu motoci, uwargida ta kama sitiyari daga ƙasa. Inda hannunta ya nufa, can tirelar za ta bi. Maigida, ka tsaya inda za ta gan ka a madubi, ka nuna da hannu, ban da tsawa.

A babbar hanya kada ku wuce mil 60 a awa. Duk bayan awa biyu ku huta minti 15, ɗayan ya karɓi tuƙi.