Yadda A Ke Fitar Da Tabo Da Kayan Madafa

Yau maganar tufafi za mu yi, maza da mata duka, gama kowa ya san wahalar da a ke sha kafin a ɗinka riga ko a sayi turmin zane. Mutum ya sayar da gyaɗarsa ko akuyarsa ya yi rigar salla, ran da ya fara sa ta manja ya ɗiga a gabanta. Uwargida ta ɗauka ta tsoma a ruwan zafi, ta cuɗa, ta murza, ta shanya, a yi guga. Tabon kuwa yana nan, har ya fi da zama. Shi ke nan, rigar fita ta koma ta zuwa gona.

Abin da ya sa haka, ba a tsaya an tambayi kai ba: wannan tabon mene ne? Tabo iri iri ne kamar yadda ciwo ya ke iri iri, kuma maganin wani ya kan zama dafi ga wani. Magungunan kuwa galibi suna nan cikin madafarku. Kashi biyu ne manya. Akwai masu tsami, watau lemun tsami da tsamiya. Akwai kuma masu kaifi irin na kanwa, watau kanwar kanta, da ruwan toka, da sabulu. Sa'an nan ga gishiri, ga ruwa, ga rana, waɗanda ke taimakon kowane ɓangare.

Mu fara da maiƙo, don shi ya fi damun mutane: man gyaɗa, man shanu, manja, romon nama. Kun san ruwa da mai ba su haɗuwa. Saboda haka in mai ya zuba a riga, kada a yi gaggawar kai ta ruwa. A sami garin rogo ko garin masara mai laushi, ko farar ƙasa, a barbaɗa a wurin har ya rufe, a bar shi kamar minti 30. Garin zai tsotse man da bai riga ya shiga cikin zare ba. A kakkaɓe. In da saura a sake. Daga nan sai a goga sabulu a wurin, a ɗan murza da yatsa, a wanke da ruwa mai ɗumi.

In sabulu ya yi ƙaranci, ruwan toka ya kan tsaya a madadinsa. Irin wanda mata ke tacewa daga tokar karan gero ko na dawa don miya, shi ne. Kada ku yi mamaki. Sabulun salo da ku ke saye a kasuwa, ai da ruwan toka da mai a ke dafa shi. To, in ruwan toka ya sami maiƙo a jikin riga, ya kan warware shi har ruwa ya iya ɗauke shi. Kanwa ma haka ta ke yi: cokali 1 na dakakkiyar kanwa cikin kwanon ruwan ɗumi, a jiƙa wuyan riga da gumi da man kai suka ɓata, a bar shi sa'a 1, a wanke. Amma a sirka da ruwa sosai, gama ruwan toka mai ƙarfi yana cin hannu, yana kuma kashe launin atamfa. In ya faɗa ido a wanke nan da nan da ruwa mai yawa, a daɗe ana wankewa. Kada a ajiye shi inda yaro zai ɗauka ya sha.

Manja yana da wani hali nasa. Ko maiƙon ya fita, sai ka ga jan ya rage. Kada a ci gaba da cuɗa har riga ta yage. A shanya ta a rana tsaka, wurin tabon yana kallon sama. Jan manja ba ya jimre hasken rana, cikin yini ɗaya ko biyu ya kan kwanta. Abu guda ne za a kiyaye: kada dutsen guga ya taɓa wurin sai an tabbata ya fita, domin zafin guga ya kan dafa tabo cikin zare.

Wannan maganar zafi ita ce ta kawo mu ga jini. Wanda ya yi fiɗa ranar layya, ko yaron da ya yi haɓo, ko mai jego, duk za su gamu da shi. Ku tuna da ƙwai. Farinsa yana ɗanye ruwa na wanke shi, amma da zarar ya ji wuta sai ya daskare, ba mai mai da shi ruwa kuma. Jini ma haka ya ke. Wanda ya zuba masa ruwan zafi ya dafa shi ke nan a jikin zane. Ruwan sanyi na randa shi ne maganinsa, kuma da wuri. A juya zanen a zuba ruwan ta baya don jinin ya fita ta inda ya shiga. In ya fara bushewa, a jiƙa cikin ruwan sanyi da ɗan gishiri, cokali 2 cikin kwano, a bar shi ya kwana, da safe a sa sabulu. In ya tsufa ƙwarai, akwai dabarar gwanda. Farin ruwan nan da ke fita in an tsaga ɗanyar gwanda yana tausasa nama, shi ya sa masu girki ke naɗe nama mai tauri cikin ganyenta. A ɗiga shi kan jinin, a jira kaɗan, a ɗauraye. Wannan ga tufafin auduga ne kaɗai, ban da ulu da siliki, don ya kan ci su. Mai rauni a hannu kuwa kada ya wanke jinin wani da hannu tsirara, gama akwai cututtukan da ke bi ta jini.

Yanzu sai goro da shayi. Dattawa, ku gafarce ni, wannan taku ce. Jan goro a gaban farar riga ba baƙon abu ba ne. A nan mutane da yawa su kan ɓata, don sun ga kanwa da sabulu sun yi aiki a kan mai, sai su ɗauko su. Alhali kuwa kanwa ta kan ƙara wa irin wannan tabo duhu, ta zaunar da shi. Wanda ya taɓa jefa 'yar kanwa cikin shayi ya ga yadda ya ke rinewa. Abin da a ke yi, a fara ɗauraye wurin da ruwa zalla tun yana ɗanye, a matsa lemun tsami, a bar shi kaɗan, a sake ɗauraye shi. Sabulu sai daga baya. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Goron da ya yi mako a riga da wuya ya fita duka.

Tsatsa ma tsami ta ke tsoro. Ta kan kama tufa daga waya ta shanya, ko ƙusa, ko akwatin ƙarfe da ya sha damina. Sabulu ba ya yi mata kome, ko da za a ƙarar da sanda guda. A matsa lemun tsami a wurin, a barbaɗa gishiri, a shimfiɗa a rana har ya bushe, a ɗauraye. Sau biyu ko uku ya kan isa. Baƙaƙen ɗigon nan na funfuna da ke fita in an ninke tufa da danshi, su ma haka a ke yi musu, ko da ya ke in sun daɗe sun riga sun ci zaren. In zanen mai launi ne, a fara gwada lemun a ɓoyayyen gefe a gani ko zai kashe shi.

Ku lura da rubutun nan biyu a allo: tabo da taɓo. Ƙugiya ɗaya ce ta raba su. Shi taɓo in ya fantsama a wando, haƙuri ya ke so. A bari ya bushe ƙayau, a kankare, a kakkaɓe, kana a wanke. Wanda ya goge shi yana ɗanye ya tura shi ciki.

Tun da kuna riƙe da alƙalami yanzu, za ku tambayi tawada. Tawadar allo da ƙaro a ke haɗa ta don ta wanku, saboda haka a zuba mata ruwan sanyi da sauri, kada a murza. Ta biro dabam ce, ruwa ba ya narkar da ita, kayan madafa kuma ba su cika yi mata ba. Sai sifirit na kantin magani: a sa tsumma ƙarƙashi, a ɗiga, a dinga dannawa da auduga. Lalle kuwa, in ya kama farin zane, ai rini ne, sai dai ya kwanta a hankali.

Kwanuka ma ƙa'idar ɗaya ce. Tiren tagulla irin na maƙeran Bida in ya yi duhu, a goge shi da jiƙaƙƙiyar tsamiya da gishiri, a ɗauraye, a share da busasshen tsumma. Tukunyar alminiyam da cikinta ya yi baƙi, sau da yawa kanwar miya ce ta yi mata haka. A tafasa ruwan tsamiya a ciki, za ta yi haske.

Wani zai ce bari in gama lemun tsami da kanwa don magani ya yi ƙarfi. Ku gwada a gida cikin ƙoƙo: za ku ga yana kumfa yana tsuwa. Kumfar nan ba ƙarfi ba ce, junansu su ke kashewa, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. Wannan hasara ce kurum. Amma akwai gamin da ke da hatsari. Bilic ɗin wanki na kanti, irin su Hypo da Jik, kada a kuskura a haɗa shi da lemun tsami ko tsamiya ko wani ruwan wanke masai. Ya kan fitar da iska mai guba, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu. In kuwa haka ta faru, a fita waje nan take, a fitar da yara, a bar ƙofa da taga a buɗe. Wanda numfashinsa ya sarƙe a kai shi asibiti.