Rubul da Ajiyar Mutanen Rasha



Yau za mu leƙa Rasha, mu ga abin da mutane ke yi idan kuɗinsu, rubul, ya fara faɗuwa.

Dattijan Rasha sun ga abubuwa. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, tsadar kaya ta cinye ajiyar da suka yi shekaru suna tarawa a banki. Kuɗin da zai sayi mota ya koma na cefane. A 1998 rubul ya sake zubewa, bankuna da dama suka durƙushe.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A Disambar 2014, da rubul ya sake faɗuwa, mutanen Mosko suka cika shaguna, suna kwasar firji da talabijin kafin farashi ya tashi. A 2022, da yaƙin Yukren ya ɓarke, sai dogayen layuka a gaban na'urorin cire kuɗi. Babban bankin ƙasar ya taƙaita cire dala.

Ni, tsohuwa mai fansho nake tausayi. Ba ta da dala, ba ta da gida na biyu. Rubul take karɓa, da rubul take sayen burodi da magani.