HALI ZANEN DUTSE: JAWABI A KAN RIƘON GASKIYA A WURIN AIKI



Ba a sanin halin mutum sai ran da gaskiya ta ci karo da abincinsa. Magatakardan da aka miƙa wa toshiyar baki, da malamin asibitin da ɗan'uwansa ya nemi ya sayar masa da maganin gwamnati, dukansu ba su da lokacin buɗe littafin doka. Abin da mutum ya saba da shi tun yana yaro shi ne zai yanke masa shawara a wannan sa'a.

A dubi marigayi Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. An haife shi a 1912, ba kuwa ɗan sarauta ba ne. Mahaifinsa bara ne a gidan hakimin Lere. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi har ya zama shugabanta, sa'an nan ya tafi Ingila ƙaro ilmi a 1945.

Cikin watan Agusta na 1950 ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna, ya kawo batu cewa a naɗa hukumar da za ta binciki tsarin mulkin En'e. Ya nuna cewa ba a shata wa sarakuna iyakar ikonsu ba, talaka kuma ba shi da ta cewa cikin sha'anin ƙasarsa. To, a tuna fa, a zamanin nan Sarki shi kaɗai ne hukuma: alƙali nasa ne, ɗan doka nasa ne, gidan yari nasa ne. Wanda ya yi wannan magana kuwa Bauchi zai koma ya ci gaba da zama a ƙarƙashin hukumar da ya ce a bincika. Da tsoro ne ya rinjaye shi, da ya kama bakinsa, ba kuwa wanda zai zarge shi.

Amma abin lura a nan shi ne yadda ya faɗe ta. Bai zagi kowa ba, bai ce a rushe sarauta ba. Gyara ya nema, ta hanyar da doka ta yarda, cikin ladabin da aka san shi da shi. Masu zafin ra'ayi sun ga sanyinsa ya yi yawa, waɗansu sarakuna kuwa suka ga ya yi tsaurin ido. Jaruntaka ce ta sa ya yi magana, haƙuri kuma ya sa aka saurare shi. Da ɗaya ya rasa, da maganar ta bi iska.

Majalisa ta amince da batun, aka yi binciken. A 1952 aka soke dokar da ta mai da Sarki hukuma shi kaɗai, aka wajabta masa zartar da al'amura tare da 'yan majalisarsa. Dokar En'e ta 1954 ta biyo baya.