Ranar da Gari Ya Rufe Ƙofa: Jawabi a kan Fim ɗin High Noon



An nemi mu yi magana a kan fim ɗin kaboyi wanda ya fi kwanta mana a rai. Mun san wasu za su ce me ya haɗa ɗan jami'a da harbe-harbe da sukuwar dawaki. Muna roƙonsu su yi mana haƙuri kaɗan, domin wanda muka zaɓa, wato High Noon, ma'ana tsakar rana, harbin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba, amma tambayar da ya yi tana da nauyi.

An fitar da shi a Amurka a 1952. Fred Zinnemann ne ya ba da umarni, Carl Foreman ya rubuta, Gary Cooper kuma ya fito a matsayin Will Kane, shugaban 'yan dokan wani ƙaramin gari mai suna Hadleyville. Ranar da aka ɗaura masa aure da Amy, wadda Grace Kelly ta fito a matsayinta, ranar ya ajiye aiki. Ba a watse ba sai labari ya zo cewa an saki Frank Miller, ɗan ta'addar da Kane ya kama shekara biyar baya, yana kuma tafe a jirgin ƙasan ƙarfe 12 na rana. Ɗan'uwansa da wasu mutum biyu suna jiransa a tasha.

Jama'a suka ce wa Kane ya gudu. Har ya kama hanya da amaryarsa, sai ya juyo, ya sake maƙala bajonsa, ya shiga neman mataimaka. A nan zuciyar labarin take. Alƙalin da ya yanke wa Miller hukunci ya naɗe kayansa ya bar gari. Mataimakin Kane ya ajiye aiki don an hana shi muƙamin da yake kwaɗayi. Wani aboki ya ɓuya a ɗaki, ya sa matarsa ta ce ba ya nan. A coci aka yi doguwar muhawara, magajin gari ya yabi Kane matuƙa, sa'an nan ya ce zamansa zai jawo rigimar da za ta kori masu zuba jari. Mutum ɗaya da ya yi alkawari ya janye da ya ji shi kaɗai ne. Ku lura, jama'a, babu mugu a cikinsu. Kowa yana da hujja, hujjar kowa kuma tana shiga kunne.

Tsawon fim ɗin minti 85 ne, kusan daidai da lokacin da ke cikin labarin, ana ta nuna agogo. Mai kallo yana ƙirga mintoci tare da Kane har ya zauna ya rubuta wasiyya, ya fito titi babu kowa. Ranar naka sai naka: Amy, wadda addininta ya hana ɗaukar makami, ita ce ta sauko daga jirgi ta harbe ɗaya daga cikin maharan. Da ƙura ta lafa jama'a suka fito, Kane ya cire bajo ya yar a ƙasa, ya tafi bai ce uffan ba.

Foreman ya san abin da yake rubutawa. A 1951, ana cikin aikin fim ɗin, kwamitin Majalisar Wakilan Amurka mai farautar masu ra'ayin gurguzu ya kira shi. Ya taɓa zama ɗan jam'iyyar, amma ya ƙi ambata sunan kowa. Abokan aiki suka juya masa baya, aka toshe masa hanyar abinci a Hollywood, ya ƙaura Ingila. John Wayne ya tsani fim ɗin, har shi da Howard Hawks suka yi Rio Bravo a 1959 a matsayin martani. Duk da haka High Noon ya ci lambar Oscar huɗu, ciki har da ta Cooper. A 1989 kuma ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity ta sa hoton Kane a takardar neman ƙuri'a a zaɓen Poland.

To, 'yan'uwa, kowannenmu in ya kalli fim ɗin nan Kane yake ɗaukar kansa. Amma Kane ɗaya ne, mutanen gari su ne masu yawa. Gobe yawancinmu ofis za mu shiga, wasunmu ma sun riga sun shiga. Wata rana abokin aiki zai ƙi sa hannu a takardar da ba ta dace ba, ya zo ƙofarmu yana neman wanda zai tsaya masa. A ranar za mu tuna da iyali, da ƙarin girma, da gidan gwamnati, duk kuwa hujjoji ne na gaskiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, an sani; abin tambaya shi ne ko za mu miƙa namu.