Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Duron da Ka Saya, Me Ya Taɓa Ɗauka?



Baba, bari mu fara da fatar sanka. Idan aka sayar da sa a kasuwar Muwailih, yamma da Omdurman, aka yanka shi, fatar majema take tafiya. Majeman gargajiya toka ko farar ƙasa suke sa wa fata gashi ya zube, sannan su jeme ta da bagaruwa, wadda mutanen Sudan ke kira garad. Manyan masana'antun jima kuwa, irin na Kartum, suna cire gashi da farar ƙasa haɗe da sinadarin salfaid, daga baya su jiƙa fatar cikin gishiri da asid, irin asid ɗin ruwan batir. Ruwa biyu ke nan masu ƙuna: na asid, da na dangin soda, wato alkali. Idan suka haɗu a lambatu ɗaya, wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai takan tashi. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta kwanta a rami. In ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta wuce, alhali lokacin ne take kisa.

To, yaya masana'anta ke gane yoyo? Da ma'aunin da ake kira pH, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya. Ruwan sha yakan kasance tsakanin 6.5 da 8.5. Ruwan batir yana ƙasa da 1, sodar yin sabulu kuma tana kai 13 zuwa 14. Kowane taki ɗaya ninki goma ne, wato ruwa mai lamba 4 ya fi mai lamba 6 tsami sau ɗari.

Na'urorin kuwa iri-iri ne. Akwai igiya da ake shimfiɗawa ƙarƙashin tanki, da zarar sinadari ya jiƙa ta, lantarki ya ratsa, sai jiniya ta tashi. Akwai tsinken gilashi da ake tsomawa a lambatu, yana karanta pH dare da rana. Akwai fenti ko ƙyalle da ake sa wa mahaɗar bututu, in ya ɗiga sai launi ya sauya. Akwai kuma 'yar na'urar da ma'aikaci ke maƙalawa a ƙirji, tana shinshinar waccan iska mai guba, ta yi ƙara kafin ta kayar da shi.

Mutanen Bahri sun san abin da sakaci da kayan haɗari ke jawowa. Ranar 3 ga Disamba 2019 wata tankar gas ta fashe a masana'antar tayil, mutum 23 suka rasu, fiye da 130 suka jikkata. Gas ne, ba asid ba, amma darasin ɗaya ne.

Ga inda maganar ta shafe ka. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, an yi watsi da masana'antu da yawa a Kartum da Bahri da Omdurman, an wawashe wasu. Na'ura kuma tana son wuta, tana son mai duba ta. Inda babu su, tanki zai yi ta yoyo ba jiniya. Ruwan sama ya wanko abin da ya zuba zuwa kududdufi, duro da jarka kuma su bi hannu zuwa hannu har su faɗo kasuwa da araha. Ruwan soda garau yake, ba ya wari. Saniya mai ƙishi ba za ta tsaya tambaya ba.

Saboda haka, yaya, kafin ka biya kuɗin duro, duba jikinsa. In ka ga alama mai kusurwa huɗu, sama fari ƙasa baƙi, da hoton ruwa yana ɗiga a kan hannu da kan ƙarfe, da lamba 8, to abin da ke ciki mai cin nama ne. Lamba 1830 asid ne, 1823 da 1824 soda ce. Irin wannan ba na ruwan sha ba ne, ba na nono ba, ba na man gyaɗa ba. Direba kuma, kada ka loda asid kusa da soda ko buhunan abinci, kada ka zuba soda a tukunyar alminiyom.

Na'urar talaka ita ce takardar gwajin pH, ana samun ta a shagunan kayan asibiti da na ɗakin gwaji. Tsoma ta a ruwa: ja asid ne, shuɗi mai duhu soda ce, kore tsaka-tsaki. Amma a ji ni da kyau, takardar ba ta ganin zaiba ko sayanaid na masu haƙar zinariya, ba ta ganin maganin ƙwari. Kore ba ya nufin ruwa ya halatta. Kududdufin da ke gindin katangar masana'anta, a kora garke gaba kawai.

In tsautsayi ya faɗa, a tuɓe rigar da ta jiƙe, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 20, musamman a ido. In gari ne, a kakkaɓe shi tukuna. Kada a shafa mai, kada a ce za a kashe asid da kanwa. Wanda ya sha, kada a sa shi amai, a garzaya da shi asibiti. Ƙunar soda takan fara da santsi kamar sabulu, zafin ya biyo baya, don haka kada a jira.

Ardo, a isar wa yara masu kora. Allah ya tsare garke, ya kai fatake gida lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.