Jawabi: Tsakanin rumbu da gidan likita

 

Batun yau ya shafi mutum biyu da ƙauye yake jira: malamin gona da ma'aikacin lafiya. Kowanensu da ma'aikatarsa a Yamai, da shugabansa, da ranar fitarsa rangadi. Amma gidan da suke zuwa ɗaya ne, kuma yaron da ake aunawa a gidan likita, daga rumbun da malamin gona ya duba ake ciyar da shi.

Tun shekarun 1960, zamanin Diori Hamani, aka kafa aikin wayar da kan mutanen karkara. Ƙauye kan zaɓi mutanensa a horar da su, su komo da akwatin nibakin da asfirin da maganin ciwon ido. Ungozomomi kuma a koya musu tsabtar yanke cibiya. Rashin bibiya ne ya raunana tsarin: akwati ya ƙare ba a cika ba, mai duba aiki ya daina zuwa, mai aikin sa kai ya koma gonarsa.

Shekarar 2005 ta nuna illar raba aikin nan biyu. Bayan fari da ɓarnar fara a daminar 2004, jahar Maraɗi, wadda ake yi wa kirari da rumbun ƙasa, ita ce ta cika da yara masu tamowa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar a wannan shekara. Hatsi bai ɓace a kasuwa ba, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka.

Yadda abin ke aukuwa sananne ne. Da kaka manomi ya sayar da arha don biyan bashi da haraji da hidimar biki. Zuwa watan bakwai da na takwas rumbu ya yi ƙasa, tiya ta yi tsada, uwa tana gona wajen noma, ga sauro, ga zawo. Yunwa da zazzaɓi a wata ɗaya suke sallama, kuma ƙaramin yaro suke fara samu.

Dabarun kariya ba a nesa suke ba. A ƙasar Maraɗi aka fara sassabin zamani a farkon shekarun 1980: manomi ya bar kututture ya tofo, ya zaɓi rassa masu ƙarfi ya rene su. Da haka itatuwa suka komo a kan hekta wajen miliyan 5, ga gawo yana gyara ƙasa, ga itacen girki da abincin bisashe. Daga ƙarshen shekarun 1990 wasu ƙungiyoyin manoma suka koyi ajiye amfanin gona a magaza, su ci bashi a kansa, su sayar sa'ad da ya yi daraja. A 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5, sai dai jinkirin biyan gidajen likita ya bar da yawansu ba magani. A 2013 aka soma ba yara maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata cikin damina.

Abin da ya rage shi ne haɗa hannu. Ya kamata malamin gona da ma'aikacin lafiya su riƙa fita rana ɗaya, su zauna da mata, domin su ne masu gamana da wake da zogale da awaki, su ne kuma masu tukunya. Ma'aikacin da aka tura ƙauye kada ya ɗauka horo aka yi masa, mahukunta kuma su ba shi mai da kayan aiki. Ɗan kasuwa mai ba da bashi da damina don ya karɓi hatsi a wulaƙance da kaka, ya tuna cewa manomin da ya karye bana ba zai saye masa atamfa baɗi ba. 

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Allah ya ba da damina mai albarka, ya raya zuri'a. Wassalam.