Kafin mu shuka auduga, mu tambayi ƙasa da kasuwa

 

An nemi in yi magana a kan yadda za a ƙara yawan auduga a nan Gafati ba tare da an kashe gonaki ba. Amsata ita ce, wannan noma yana zaune ne a kan abubuwa uku kamar duwatsun murhu: ruwa, ƙarfin ƙasa da tabbatacciyar kasuwa. In ɗaya ya goce, tukunya ta kife.

Mu fara da ruwa. Auduga takan yi wata biyar zuwa shida a gona, tana kuma neman ruwan sama kamar milimita 600 ko fiye, alhali a ƙasar Mirya yawancin damuna ba sa kai 500. Shi ya sa a shekarun 1950 kamfanin Faransa na CFDT ya nufi kwarin Majiya, aka kafa injin gurza a Madawa, Damagaram kuwa ta zama ƙasar gyaɗa. Saboda haka wurin auduga a nan shi ne fadama da kwari masu riƙe laima. Jigawa ta hatsi ce, kada a raba iyali da tuwonsu.

Na biyu, ƙarfin ƙasa. Auduga tana cin ƙasa ainun. Wanda ya maimaita ta a gona ɗaya shekara da shekaru zai ga amfani yana ja da baya, tsutsa tana ƙaruwa. Maganin abin yana hannunmu: a riƙa musanya ta da wake ko gyaɗa, a zuba takin dabbobi kafin a sayi na zamani, a tumɓuke itatuwanta a ƙone bayan tsinka don kada tsutsa ta yi rani a ciki, kuma a duba gona kafin a yi feshi. Sannan a bar gawo ya girma. Magabata sun ce Sarki Tanimun ya hana sare shi da horo mai tsanani. Daga shekarun 1980 zuwa yau, sassaben zamani ya mayar da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Kada kuma mu ɗauka sabon iri kaɗai zai fisshe mu. Burkina Faso ta karɓi irin da aka sauya wa halitta a 2008, ta yar da shi a 2016 domin zarensa ya gajarce, darajarsa ta faɗi.

Na uku, kasuwa. Dattawanmu ba su manta da gyaɗa ba. An kafa SONARA a 1962, kowa ya dogara da ita, sai farin 1973 da cutar 1975 suka karya noman, talaka ya wayi gari rumbu wayam. Masaƙun Kaduna da suka sha audugar Funtuwa su ma an rufe su ɗaya bayan ɗaya. A 2003, a Kankun, Benin, Burkina Faso, Mali da Cadi sun kai kukansu kan tallafin da Amurka ke ba manomanta, wanda ke karya farashi. Mai shuka ba da sanin mai saye ba, bashi yake shukawa.

Don haka, alhazai, ku faɗi farashi tun kafin shuka, ku auna da ma'auni na gaskiya, ku biya hannu da hannu. Ku tuna fiye da rabin nauyin auduga angurya ce, mai ba da mai da abincin dabbobi. Kada ta fita daga jiharmu a banza. Ku kuma ma'aikata, irin da ya iso bayan ruwan shuka bai amfani kowa ba. Ku kai binciken INRAN har bakin gona, ku bar ƙungiyoyin manoma su zaɓi shugabanninsu, ko da wace jam'iyya suke bi.

Allah ya ba mu damuna mai albarka.